Shekarar da Gyaɗa ta Faɗi: Sake Karanta Littattafan Gasar 1933

Duk wanda ya zauna ajin Hausa a sakandare ya haddace wannan tarihin. A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Aka yi gasa, aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin, ya cika su biyar. Mun rubuta wannan a takardar jarrabawa, an ba mu maki, mun wuce. Ba a taɓa tambayarmu halin da ƙasar take ciki ba a lokacin da waɗannan malamai suke zaune gaban fitila suna rubutu, mu ma kuma ba mu tambayi kowa ba.

To, ga halin. A kakar gyaɗa ta 1933 zuwa 1934, tan guda a Kano bai kai fam uku ba, alhali 'yan shekaru kafin nan ana sayensa fam goma har da ɗoriya. Manomin da ya ɗoro buhunansa bisa jaki daga Bichi ko Ringim, ya iso bakin sikeli, sai ya tarar abin da za a ƙirga masa bai kai sulusin abin da ya saba karɓa ba. Kuma yana komawa gida mai unguwa na jiransa da takardar haraji. A wannan kakar aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, amma cikin littattafan nan biyar babu wanda ya ɗauki haraji ko karyewar farashi a matsayin jigonsa. Wannan shirun muke son mu duba, domin muna ganin yana cikin abin da littattafan suke faɗa.

Kafin mu buɗe su, ya kamata mu san injin da ke juya ƙasar. Ingila tana da ƙa'ida guda game da ƙasashen da ta mallaka, wadda ta fi duk jawaban wayar da kai ƙarfi: kowace ƙasa ta ci da kanta. Albashin Gwamna da Razdan da Di'o, da fanshonsu bayan sun koma gida, da kuɗin ruwan bashin da aka ciwo aka shimfiɗa layin dogo, duk daga jikin ƙasar da ake mulka za su fito. Haɗe Kudu da Arewa da Gwamna Lugga ya yi a 1914 ma yana da wannan dalilin a ciki. Arewa ba ta da bakin teku, ba ta da kuɗin kwastan, kullum sai an cike mata giɓi, Landan kuwa ta gaji da cikewa. Ko dokar raya ƙasashen mallaka da majalisar Ingila ta yi a 1929, fam miliyan ɗaya kacal ta ware a shekara ga daular da ake cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta, kuma ba a ɓoye ba cewa ana so kuɗin su dawo wa masana'antun Ingila da ciniki.

Gwamnati tana da rijiyoyi biyu. Ɗaya kwastan, kan kayan da ke shiga da masu fita. Ɗaya haraji da jangali. Da kasuwar duniya ta rushe daga 1929, kwastan ya ƙafe da kansa, ba wanda ya isa ya hana shi. Haraji kuwa ana iya matsa shi ya fito. An yi rangwame a wasu gundumomi, gaskiya ne, amma rangwamen bai kama ƙafar faɗuwar farashi ba. Har kason da ake bar wa manyan baitulmalin En'e, wanda aka ɗaga zuwa kashi 70 cikin ɗari a ƙarshen shekarun 1920, gwamnati ta dawo ta rage shi zuwa 60 don ta toshe nata ramin. Kuma a nan ne dabarar mulki ta hannun sarakuna take nuna amfaninta ga mai ita. Baturen da ya amince da adadin ba shi ne ke zuwa ƙofar gida ba. Daga Razdan sai Sarki, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. Fuskar da talaka ke gani ranar da aka kama akuyarsa fuska ce da ya sani tun yana yaro, wataƙila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci.

Haraji kuma sai da kuɗin Bature, sule da sisi da taro. Wuri ya daina aiki a wurin hukuma. Su kuwa waɗannan kuɗin, tsarin da aka kafa tun 1912 ya ɗaure yawansu da abin da ƙasa ta sayar a waje. Idan gyaɗa da auduga da kuza suka yi araha, tsabar kuɗin da ke yawo a kasuwannin ƙauye sai ta janye, har a wasu wuraren aka koma musayar kaya da kaya. Me manomi zai yi? Sai ya ƙara gona. Shi ya sa lissafin yake da ban mamaki ga wanda bai san dawan garin ba: Nijeriya ta fitar da gyaɗa wajen tan dubu 147 a 1929, amma a 1934, farashi na ƙasa, ta fitar da sama da tan dubu 240. Mutum ya ninka wahala don ya sami kuɗin da bai kai na da ba. Wanda gyaɗarsa ba ta kai ba ya sayar da gero da kaka a wulaƙance, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara, ko ya ci bashi, ko ya tafi cin rani.

Masu saye kuma sun haɗa kai. A 1929 Kamfanin Neja ya haɗe da babban abokin gasarsa aka sami UAC, ƙarƙashin Unilever. A Jos, yarjejeniyar rage haƙar kuza da aka ƙulla a 1931 tsakanin Malaya da Bolibiya da Indonesiya ta Holan da Nijeriya ta sa aka sallami fiye da rabin leburori. A 1934, shekarar da littattafanmu suka fara fita, aka ƙayyade shigowar yadin Japan mai araha don a kare masaƙun Ingila, wato aka hana mutumin da kuɗinsa suka ragu sayen rigar da ƙarfinsa zai kai. Tsallaken iyaka abin ya fi muni. A 1931 fari da fara suka haɗu a yammacin Nijar, yunwa ta kashe dubban mutane a ƙasar Zabarmawa, Faransa kuwa ba ta sassauta haraji da aikin tilas a kan kari ba, jama'a suka yi ta gudu zuwa Nijeriya da Gwalkwas.

Yanzu mu buɗe littattafan, mu fara da wanda ya fi kusantar Turawa da takobi.

Bello Kagara ya girmi sauran nesa ba kusa ba. An haife shi wajen 1890, saboda haka zuwan Turawa a kan idonsa aka yi, yana yaro. Wannan ya fito a kashin farko na Ganɗoki, inda ƙurar Kwantagora da Bida take tashi, ga Nagwamatse, ga tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903. Rubutun yana da zafi, kirari na bin kirari, kuma mai karatu yana jin cewa marubucin bai manta ɗacin kayen ba. Sai me? Da aka ci su da yaƙi, jarumin ya nausa gabas, labarin ya bar ƙasa ya shiga duniyar aljannu da dodanni, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suke samun nasarar da bindiga mai ruwa ta hana su a gida. Bayan shekaru ya dawo ya tarar komai ya lafa, ƙasa tana hannun Turawa, ga makarantu, ga zaman lafiya, shi ma ya mayar da takobi kube.

An sha yaba wannan tsalle a matsayin ƙarfin tunani, ko a kushe shi a matsayin rashin haɗuwar zubi. Mu abin da ya tsaya mana shi ne lissafin shekarun. Lokacin da Ganɗoki yake can yana sarar aljannu, shi ne daidai lokacin da a gida ake ƙirga gidaje da gonaki da shanu, ake tura hakimai su zauna a gundumomi, ake kafa baitulmali, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta yi ɓarna a 1914. Duk shekarun da aka gina injin haraji, jarumin ba ya gari. Littafin ya nuna mana yadda aka ci ƙasar, ya nuna mana ita bayan ta kwanta, ya ɗauke idonmu daga yadda aka kwantar da ita. Ba mu ce da gangan Malam Bello ya yi ba. Mai yiwuwa ita ce kaɗai hanyar da malamin da ke koyarwa a makarantar gwamnati zai bi ya yabi mazan jiya a littafin da gwamnati za ta buga. Amma ramin yana nan a tsakiyar littafin, kuma girmansa daidai girman abin da ba a faɗa ba.

Shaihu Umar ya fi su duka nutsuwa da tsari, kuma har yau shi ne yake sa mu yin shiru bayan mun rufe shi. Uwar nan da ta bar komai ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta ita ma, ta ƙetare sahara, ta gan shi a ƙarshen ƙarfinta, ba a rubuta kamarta da yawa ba a Hausa. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ne ya rubuta wannan, abin a jinjina masa ne.

Sai dai mu lura da inda littafin ya ajiye mugunta. Ya ajiye ta a jiya: harin bayi, satar yara, fataucin mutane zuwa ƙasashen Larabawa. Duk gaskiya ne, an yi, kuma daina harin bayi alheri ne da ba mai hankalin da zai musa. Amma hana cinikin bayi shi ne babbar hujjar da Turawa suka riƙe ta cin ƙasar, suna maimaita ta duk lokacin da aka tambaye su me suke yi a nan. Yaron da ya karanta Shaihu Umar a makarantar Midil a 1935 zai rufe shi yana hamdala da zamanin da yake ciki, a daidai shekarar da ubansa yake sayar da tunkiyar gida don biyan kuɗin zamanin. Ga kuma abin da ba a cika gaya mana ba: ranar da littafin ya fito, bauta ba ta gama mutuwa a dokar Arewa ba. Lugga ya hana hari da ciniki, ya 'yanta waɗanda aka haifa daga 1901, amma ya bar sauran a hannun iyayengijinsu, sai wanda ya fanshi kansa. Sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Bawan da ke biyan murgu yana tara kuɗin fansa, ga haraji kuma a kansa, yana raye a ƙauyukan Kano da Zazzau lokacin da ake karanta labarin Umar a aji kamar tarihin da ya shuɗe.

Duk da haka akwai wani wuri a littafin da muke ganin marubucin ya leƙo da kansa. Makau, mijin uwar Umar, mutumin kirki ne da fadawa suka ƙulla wa sharri don hassada, sarki ya saurare su, aka kore shi daga gari. An sa labarin a zamanin da, saboda haka ba wanda zai ce an taɓa wani. Amma mai karatun da ke zaune ƙarƙashin hakimi a 1934, wanda ya san yadda magana ɗaya a fada take tashin gida, ba ya bukatar a fassara masa. Za mu dawo kan wannan.

Ruwan Bagaja kuwa, mu faɗi gaskiya, da wuya mutum ya karanta shi da fuskar nazari, domin dariya ba ta bari. Hausar Imam tana gudu kamar ruwa a gangare, kuma ko bayan shekara casa'in ba ta tsufa ba. Amma a tambaya, da me Alhaji Imam yake ci a tafiyar nan tasa? Da baki. Kowane gari ya shiga, fage ne na dabara: a yaudari wani, a juya shari'a, a rama abin da Malam Zurƙe ya yi, a fita da guzuri. Ku tuna inda ya zama malamin gari alhali ba karatun, Zurƙe ya zo zai tona shi, aka tara jama'a, ya zana alama a ƙasa. Mai ilimin ya kira sunan harafi, shi kuwa ya ce wa mutane jinjirin wata ne, suka duba suka ga haka ne, aka kori mai gaskiya. An san Imam ya ɗebo irin waɗannan daga littattafan Larabci da ya karanta, kuma wayon Gizo ya girmi Turawa. Ba za mu ce faɗuwar gyaɗa ce ta haifi Zurƙe ba. Abin da za mu ce shi ne, duniyar littafin duniya ce da gumi ba ya biya a cikinta, wayo ke biya, mai hukunci kuma ana iya juya shi. Mutanen da suka noma ninki suka karɓi rabi ba za su ji wannan duniyar baƙuwa ba. Imam ya mayar da abin wasa, wasan kuma ya yi daɗi har ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Bayan shekara uku ya sa wa babban aikinsa suna Magana Jari Ce, a ƙasar da jarin gaske yake hannun kamfani.

Idon Matambayi bai kai sauran ƙarfi ba, shi ya sa aka fi mantawa da shi. Labarin ɓarawo ne da abokan sana'arsa. Muna ambatonsa ne saboda ƙidaya: cikin littattafai biyar, ɗaya na mayaudari ne, biyu na ɓarayi.

Na biyun shi ne Jiki Magayi, kuma a ganinmu shi ne ya fi kusa da taɓa gyambon, ko da yake da hannun Bature a cikinsa. Ba a zamanin da aka sa shi ba, ba kuma a ƙasar aljannu ba. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa. Malam Shaihu, attajiri marar haihuwa, ya shigo da dukiya, dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da mai kuɗi. Daga nan komai ya lalace. Abubakar ya bar gari, ya sha baƙar wuya yana neman asirin ramuwa, ya samu, ya sa wa ɗan da aka haifa, Kyauta, hannun ɓera. Yaro ya tashi ɓarawo, ya kunyata ubansa, ya shiga duniya, daga ƙarshe ya kashe uban nasa da hannunsa a wajen sata bai san shi ba ne.

A nan kuɗi ba abin dariya ba ne kamar a Ruwan Bagaja. Su ne suke raba masoya, su suke sayen yardar iyaye, kuma saurayin da ba shi da su ba shi da wata kotu da zai kai ƙara. Wannan ciwo ne na shekarun. Aure yana son tsabar kuɗi, tsabar kuɗi ta ɓuya, wanda ya tara tun kafin rushewar ya zama shi ke zaɓe. Moses Ochonu, a littafinsa Colonial Meltdown na 2009 kan Arewa a wannan zamanin, ya bi takardun hukuma ya nuna yadda sallamar ma'aikata da ƙarancin kuɗi suka cika garuruwa da marasa aikin yi, hukuma kuma ta shiga kukan sata da buga jabun kuɗi. Saurayin da ya bar gida yana yawo daga gari zuwa gari yana ɗauke-ɗauke mutum ne da ake gani a tasha a 1934.

Amma dubi dalilin da littafin ya bayar na satar Kyauta. Sammu. Ba yunwa ba, ba korar aiki ba, ba gudun mai unguwa ba. An ɗauki abin da ke faruwa a titi an ba shi sanadin da ba zai kai ƙara ofishin kowa ba. Wannan ya ƙara wa labarin ƙarfi ta wata fuskar, domin ya mayar da shi labarin ƙaddara da ramuwar da ke cin mai ita, kuma mun yarda hakan ya fi daɗewa a zuciya fiye da ƙorafin farashi. Ta wata fuskar kuma ya wanke zamanin tas. Littafin ya fara da gaskiyar da kowa ya sani, cewa mai kuɗi ya fi mai so, sannan ya miƙa ragowar bayanin ga boka.

Za a ce mana, to ai ƙagaggen labari ba rasit ɗin haraji ba ne, kuma ba a tambayar mawaƙi abin da bai rera ba. Mun yarda da rabin wannan. Ba mu neman Ruwan Bagaja ya zama rahoton Razdan, da ya zama haka da ba wanda zai kai shafi na biyar. Abin da ya hana mu yarda da ɗaya rabin shi ne, wannan shirun na mutum biyar ne a lokaci guda, kan abin da ya fi komai damun kowane gida a shekarar. Idan shiru ya zama na taro, sai a duba ɗakin da aka taru.

Ɗakin kuwa na gwamnati ne. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi, reshe ce ta Sashen Ilimi. Bukatarta a fili take: an koya wa yara karatun boko, ba su da abin karantawa, a samo musu. Wanda ya kira gasar, ya tace, ya gyara, ya buga, ma'aikacin gwamnatin da ke karɓar harajin ne. East ya ƙaunaci Hausa, ya yi mata aikin da ba za a manta ba, kuma a maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai mutunci. Ba mu da bukatar mu zarge shi da soke wani shafi. Ba sai an hana ba. Imam yana da shekara ashirin da biyu yana koyarwa a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba ya kama koyarwa a Bauchi. Albashinsu daga asusun da haraji ke cikawa yake fitowa, a shekarun da ake rage ma'aikata. Mai albashi kuma, ko an zaftare masa wani abu, arahar hatsin da ke kashe manomi shi sauƙi ce a gare shi. Ba mugunta a cikin wannan. Wurin zamansu ne ya sa wani abin yake kusa da idonsu, wani yake nesa, wani kuma suna ganinsa sarai amma sun san ba a nan ake faɗarsa ba.

Akwai inda ake faɗa. A 1934 ɗin nan Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna Salaga ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau, ya rasu. Ya bar waƙoƙi da ajami da Larabci, ciki har da ta zuwan Nasara da ta talauci da wadata, inda ya yi maganar mulki da ta rashi ba tare da ya bi ta ƙasar aljannu ba. Waƙoƙinsa ba su bi ta teburin wani Bature kafin su isa hannun almajiransa ba. Idan muka ce adabin Hausa na zamani ya fara a 1933, muna ɗaukar reshen da aka dasa a tukunyar hukuma mu kira shi itacen duka, sannan mu yi mamakin yadda bai yi ƙaya ba.

Hujjar da ta fi gamsar da mu cewa marubutan nan suna gani, ita ce abin da suka yi da bakinsu ya buɗe. Kafin nan daular kanta ta fara jin jiki. Manoman koko a Gwalkwas sun ƙi sayar wa kamfanoni a 1937 zuwa 1938, tarzoma ta tashi a tsibiran Karebiyan, Lord Hailey ya fitar da babban bincikensa kan Afirka a 1938, ga yaƙi ya ƙarato. A 1940 majalisar Ingila ta yi sabuwar doka ta fam miliyan biyar a shekara, wanda amincewa ce a fakaice cewa ƙa'idar kowa ya ci da kansa ta bar ƙasashen a tsiyace. A Janairun 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne edita, kuma wasiƙun masu karatu suka fara kawo ƙorafin da labaran 1934 suka kewaye. A 1943 Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga a tsufansa, ya kuma rubuta masa a fili irin zaluncin da ake yi wa talaka ƙarƙashin tsarin da shi Luggan ya gina. A 1950 marubucin Shaihu Umar ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, yana maganar fadanci da cin hanci da yadda ba a jin ta bakin talaka. Wanda ya san labarin Makau ya san ba ranar ya fara tunanin ba.

Shi kuwa harajin da jangalin sun fi Turawan daɗewa. Sun ga tafiyar Gwamna na ƙarshe, sun ga Jamhuriya ta Farko da mulkin soja. A Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su, shekara arba'in da biyar bayan fitowar Ruwan Bagaja, lokacin jikokin manomin nan na bakin sikeli suna karanta shi a aji don jarrabawa.